Ɗumi Har Zariya

Talata, da hantsi

Baƙuwa ta sauka jiya, babu sallama, saura wata biyu a fara sa ranta. Mace ce. Matata Kadijatu ta miƙo mini ita cikin zani in yi mata kiran salla a kunne, na tara hannu biyu kamar yadda aka saba, sai na ga hannu ɗaya ma ya yi mata yawa. Tun ina saurayi nake gyaran agogo a bakin kasuwar Birnin Gwari, na ɗauka babu wani ƙanƙanin abu da zai sake ba ni mamaki. Ashe ban ga komai ba. Farce gare ta! Kowane yatsa da nasa farcen, an yanka daidai, an goge. Na tsaya ina kallo baki sake, har Kadijatu ta ce, "Malam, jikarka ce, ba agogon wani Alhaji ba. Kira mata salla ka miƙo ta, sanyi zai kama ta."

Kunnen ma sai da na neme shi. Tsarki ya tabbata ga wanda ya yi wannan aiki a cikin duhu, ba fitila, ba gilashin ido.

Uwarta, Nafisat, matar yaron nan nawa, ta tashi lafiya, sai dai magana ce babu. Haka take tun ranar Alhamis ɗin da ya hau babur ya tafi yankan dawa a gonarmu ta wajen Damari, bai dawo ba. Ungozoma ta ce abin da ya taso da naƙudar ke nan.

Talata, bayan la'asar

Malama Muslimat, nas ɗin unguwarmu, ta zo ta duba ta. Ta daɗe da kunnenta a ƙirjin yarinyar kafin ta fito ta same ni a zaure.

"Baba, ba ciwo nake tsoro ba, sanyi nake tsoro. Ba ta da mai a jiki ko kaɗan. A ɗaure ta a ƙirjin uwarta, fata da fata, dare da rana. Ban da wanka. Ban da kaskon wuta a ɗaki, hayaƙi zai kama mata ƙirji."

Ta ce kwalba take bukata, irin wadda ake sa bakwaini, ta nan garin kuwa akwai tagwaye a ciki. Sai Zariya. Zariya kuma ba a zuwa yanzu sai ranar da sojoji suka ba da rakiya, motoci su jeru su tashi da asuba, daidai lokacin da ɗari yake ratsa ƙashi. Motar haya ba za ta yi ba, kowace da fasasshen gilashinta.

"Motar ɗanka tana da hita?"

Na ce, "Hita kuma? Wadda ake tsomawa a bokiti?"

Ta yi dariya har ta dafa bango. Ita ce dariyar farko da aka yi a gidan nan cikin kwanakin nan, don haka na yafe mata. Ta ce motocin Beljiyam duk da abin ɗumama ciki suke zuwa, mu ne ba mu san da shi ba. In yana aiki, yarinya za ta kai. In ba ya aiki, kada mu soma fita da ita. Amma ta ce yadda numfashin nan yake, zaman gida ma ba zai yi tsawo ba.

Laraba, da safe

Na yaye tampol ɗin da yaron nan ya rufe motar da shi a gindin mangwaro. Ciki ƙanshin man gashinsa ne da warin buhun masara. Kujerar direba tana can baya, daidai dogayen ƙafafunsa. Ban matso da ita ba, na ɗosana a bakinta na miƙa ƙafa.

Rabona da sitiyari an kwana biyu, amma hannu bai manta ba. Maƙwabta suka tura, ta tashi. Na nemo abin murɗawar, rabinsa shuɗi rabinsa ja, na kai shi ƙarshen ja, na kunna fanka. Abin da ya fara fitowa busasshen ganye ne da kashin tsaka. Bayansu iska ta biyo. Na jira, na jira. Na tara tafin hannu, na tara kunci. Tuwon jiya ya fi ta ɗumi.

Na yi fushi da motar, fushi na gaske, har na doki sitiyari. Daga baya na ba ta haƙuri, tunda ba tawa ba ce.

Laraba, bayan azahar

Muttaka bakanike abokin yaron nan ne tun suna firamare. Na same shi kwance ƙarƙashin motar 'yan sa-kai, ƙafafunsa kawai ake gani, ga wasu motocin suna jira, masu su a tsaye a kansa. Ya ce ba shi da halin motsawa ko nan da can, sai dai ya faɗa mini da baki.

"Baba Mai Agogo, hita? A Birnin Gwari? Wallahi tunda na buɗe garejin nan ba a taɓa kawo mini wannan ƙarar ba. Kowa sanyi yake nema."

Ya turo kansa waje ya zana mini a ƙasa da sufana. Ashe ruwan da yake sanyaya inji shi ne yake kwasar zafinsa, ya bi ta wani tiyo ya shiga wani ɗan ƙaramin lagireto da aka ɓoye a bayan dashbod, fanka ta hura ta kansa, ruwan ya koma ta wani tiyon. Wato zafin da muke zubarwa a iska kullum, shi wani ya zauna ya kama ya kai wa ƙafafunsa. Ko waye shi, na jinjina masa.

"In ta ɗan yi aiki ka taɓa tiyon biyu. In ɗaya da ɗumi ɗaya da sanyi, toshewa ta yi, wanke ta za ka yi. Ai Abdulsamad duk ruwan da ya samu a hanya shi yake ɗura mata."

Haka kawai ya faɗi sunan, ya koma ƙarƙashin mota. A gidanmu babu mai faɗa. Ɗan fari ne, ni da uwarsa ba ma kama sunansa, balle matarsa. Mutum uku a gida ɗaya, abu ɗaya yake cin ransu, babu mai bakin kiransa. Na daɗe tsaye a bakin garejin kafin ƙafata ta yarda ta tafi.

Alhamis, da asuba

Alhamis kuma. Ba labari.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Ɗaya da ɗumi, ɗaya sanyi ƙalau, yadda Muttaka ya faɗa. Na bari ta huce, na kwance tiyon biyu da filaya. Na ɗaura mazurari a bakin da ruwa yake fita, don in koro dattin ta inda ya shigo, na hau turmi ina zuba ruwa da buta daga sama. Ta ƙi sha. Na sa baki na hura har idona ya yi duhu, na ji wani abu ya saki a can ciki, sai ga shi ya feso mini a gaban riga.

Laka ce. Da farko ja, irin ta hanyar Kuyello. Bayanta baƙa, ta fadama, mai wari. Can kuma sai wata fara-fara mai yashi, wannan na san ta, ta rafin bayan gonarmu ce, da ita muka yi yaɓen rumbu. Na durƙusa ina murza ta tsakanin yatsu. Duk inda yaron nan ya tsaya ya ɗebi ruwa cikin shekarun nan, motar ta ɓoye kaɗan a cikinta ba ta gaya wa kowa ba. Na kwashi wadda ta taru a murfin gwangwani na ɗora a taga. Ban san me zan yi da ita ba.

Kadijatu ta leƙo ta ga rigar Juma'ata. Ba zan rubuta abin da ta ce ba.

Asabar, da hantsi

Ruwa yana wucewa, amma siriri. Na tuna yadda nake cire tsatsa a murfin agogo da abu mai tsami, na shiga madafa na kwashe tsamiyar da aka ajiye don kunun mai jego. Na jiƙa, na tace da ɗankwali, na ɗura, na toshe bakunan da totuwa. Kadijatu ta ce ta ga mazan da suka zauce a kan mace, ta ga waɗanda suka zauce a kan siyasa, ba ta taɓa ganin wanda ya dama wa mota kunu ba.

Ita ma ba ta da bakin magana. Itace ya yanke a gari tunda babu mai shiga daji, ga ruwan wankan jego safe da yamma. Jiya da tsohon ƙyauren bayi ta dafa shi. Yau na nemi bencina na kasuwa na rasa. Muna zaune a bakin dajin da ido ba ya ganin ƙarshensa, muna ƙona kujeru.

Na leƙa baƙuwa. Daga ƙirjin uwarta tsakiyar kanta kawai ake gani, maɗigar tana bugawa a hankali ƙarƙashin fata. Na sa ido ina bin bugun yadda nake bin agogon da na gama gyarawa. Ba a wana ta, ba a sa mata batir, tana ta tafiya abinta. Nafisat ta sunkuyar da kai ta ja mayafi don kunyar suruki, na fita.

Lahadi, da safe

Tsamiya ta yi aikinta, ruwa yana wucewa shar. Na mayar da komai, na cika lagireto, na tayar. Yanzu tiyon biyu ɗuminsu ɗaya, sai dai ɗumin na marar lafiya ne. Allurar da take nuna zafin inji ko motsi ba ta yi, tana kwance a ƙasa kamar an biya ta ta kwanta. Na ƙona man da bai kamata in ƙona ba, ga shi samunsa a gari sai an sha wuya.

Yau da asuba leɓunan yarinyar sun yi duhu. Nafisat ta ɗan kwance ta ne kawai don ta gyara zani. Kadijatu ta fito tana salati, aka kirawo Malama Muslimat, ta yi ta murza mata baya da yatsa biyu har launin ya dawo. Da za ta tafi ta tsaya a zaure ta dube ni. Ba ta tambaye ni motar ba, da ma tambayar ta yi da ya fi mini sauƙi.

Tsoro nake ji. Na rubuta a nan tunda babu wanda zan gaya wa.

Litinin, da hantsi

Suna. Liman da maƙwabta kaɗan a zaure, dabino da goro, shi ke nan.

Tun jiya nake juya sunan da zan raɗa, tunda mai raɗawar ba ya nan. Sai Kadijatu ta zo ta ce Nafisat ta raɗa mata a kunne cewa ya riga ya zaɓa tun ciki yana ƙarami. In mace ce, Karima.

Ni sunana Abdulkarim. Yaron da bai taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba, wanda ba ya haɗa ido da ni sai bisa kuskure, ashe abin da yake ƙullawa ke nan. Liman ya ce a yi fatiha, na rufe fuska da tafin hannu na daɗe ban shafa ba. Mutane suka ɗauka addu'a ce ta yi tsawo.

Talata, bayan azahar

Na koma wurin Muttaka na ce masa allura ba ta tashi. Ya dafe kai.

"Kash! Baba, ai babu tamosta a cikinta. Ranar da ta iso gari na cire."

"Me ka cire?"

Ya ce wani ɗan ƙarfe ne da yake tsare ruwa a cikin inji har sai ya yi zafi, sannan ya buɗe masa hanya zuwa babban lagireto. In babu shi, ruwa yawo kawai yake yi, ba ya tsayawa balle ya yi zafi. Na ƙasar sanyi ne, in ji shi. A nan duk motar da ta shigo shi ake fara cirewa, haka ubangidansa ya koya masa, shi ma ubangidan haka ya taras.

"To ina kuke kai su?"

Ya nuna mini bayan rumfa da haɓa. Wani tsohon bokitin fenti, cike har baki. Na tsuguna a gabansa. Na kowace mota a garin nan yana ciki, na motar liman, na motocin haya, na motocin da tuni aka ƙera murhu da ƙarfensu. Shekara da shekaru ana tara maganin sanyi a bokiti, an bar wa kaji suna hawa. Na juye su a buhu duka.

Ya biyo ni har bakin titi yana goge hannu. "Baba, bari ka ji dalilin da ya sa muke cirewa. In ya tsufa yakan ƙi buɗewa. In ya ƙi a tsakiyar daji, inji zai tafasa ya tsaya, rakiya kuwa ba ta jiran kowa. Ka dafa shi tukuna, ka gani da idonka."

Wato in babu shi, sanyi ya ɗauke mana ita. In yana nan kuma ya ƙi, mu tsaya a inda ba a tsayawa. Na saɓa buhuna na dawo gida.

Laraba, da hantsi

Na kwance murfin da abin yake zama a ciki, na auna bakin da ma'aunina na agogo, na ware waɗanda suka yi daidai, na goge su da buroshi da kananzir. Na roƙi Kadijatu ragowar wutar wanka. Na ɗaure kowane da zare na rataya a sanda a bisa tukunya, suna lilo cikin ruwa ba su taɓa gindi ba.

Ruwa ya fara ƙara. Shiru. Ya fara 'yan ƙwayoyi a gefe. Shiru. Kadijatu ta ce ko a sa musu gishiri. Sai na ga na tsakiya ya motsa. Wallahi motsi ya yi! Ba waya a jikinsa, ba mai taɓa shi, ya buɗe baki a hankali, a hankali, kamar ɗan tsuntsu ya ji motsin uwarsa. Na kusa da shi ya bi. Sauran suka yi zamansu, sun mutu tun tuni. Na ɗaga sandar sama, iska ta buge su, su biyun suka rufe baki da kansu. Na mayar, suka buɗe.

Wai ɗan kaki ne a ciki, in ya narke ya kumbura sai ya tura. Kaki! Shekaru yana kwance a bokiti kaji suna yi masa kashi, bai manta zafin da aka ce ya buɗe a kansa ba. Na yi ta tsomawa ina cirewa har wuta ta mutu. Kadijatu da ta zo yi mini tsiya ta ƙare a tsugune kusa da ni tana cewa, "Ikon Allah. Malam, sake sa shi mu gani."

Alhamis, bayan magariba

Wani ya zo da saƙo daga can cikin daji. A zaure na saurare shi. Ya ce an ga yaron nan a kan ƙafafunsa, amma ba daga bakin wanda ya gani ya ji ba. Ban shiga da maganar cikin gida ba.

Juma'a, da la'asar

Na zaɓi wanda ya fara buɗewa, ɗayan na sa a aljihu. Na yanka kwalin sukari daidai bakin murfin da wuƙata ta aiki, na shafa masa giris don kada ya yi yoyo. Wannan kam aikina ne, ko Muttaka ba zai yanka kamar haka ba. Noti na ƙarshe yana can wani lungu da aka yi don hannun aljani, a nan na bar fatar yatsuna.

Na tayar. Allura ta ɗaga kai! Na yi kabbara ni kaɗai a gindin mangwaro. Amma iskar sai ta yi zafi, ta yi sanyi, ta sake yin zafi, ga wani ƙugi a bayan dashbod kamar cikin mai azumi. Na zauna ina saurare, don ni da kunne na saba gano ciwon abu. Iska ce ta maƙale a hanyar ruwa. Na bari ta huce, na hau da tayoyin gaba kan tarin ƙasar da ke jikin katanga don bakin lagireto ya fi ko'ina tudu, na buɗe murfi, na sake tayarwa, ina matsa babban tiyo da hannu. Ta yi ta gyatsa. Gyatsar ƙarshe ta zo da ruwan zafi, ta wanke mini wuyan hannu.

Kadijatu ta shafa mini zuma tana faɗa. Ban ji zafin ba sai yanzu da na riƙe biro.

Asabar, da asuba

Na gwada ta a lokacin da za mu yi tafiyar, bayan salla, haƙorana suna haɗuwa. Na rufe ƙofa na jira. Ɗumin ta ƙafa ya fara zuwa, ya hau gwiwa, ya shiga cikin riga. Raɓar da ta rufe gilashi ta fara janyewa daga ƙasa tana yin sama, har reshen mangwaro ya bayyana, har na ga tauraruwar asuba. Na cire hula. Zufa! A tsakiyar sanyin nan, ni Abdulkarim, zufa nake yi.

Ina zaune ina tunani, wutar nan da ke cikin inji ita ce dai wadda take kai masara kasuwa, ba a ƙara komai ba. Tana nan tun fil azal, ƙofa kawai aka toshe mata.

Na kirawo Kadijatu. Ta shiga tana mita, sai ta miƙa ƙafafunta masu faso wajen iskar. Can ta ce, "Yanzu duk sanyin da muka sha a motar nan zuwa gaisuwar mutuwa a Kuyello, wannan abin yana ciki?" Na ce yana bokitin Muttaka.

Malama Muslimat ta zo ta shiga ta shinshina ko'ina ko hayaƙin salansa yana shigowa. Babu. Ta ce kada dai a zauna da yarinya a ciki mota tana tsaye wuri ɗaya. Ta tara hannu a iskar ta daɗe, ta ce, "Baba, ka yi."

Lahadi, bayan la'asar

An ce rakiya gobe.

Litinin, da hantsi

An ɗaga. Karima ta daina kama nono, da cokali ake ɗiga mata. Ba labari.

Talata, a Zariya, bayan la'asar

Bari in rubuta tun hannuna yana iyawa.

Kadijatu ta ce ba za ta bi mu ba, kada a zo gida a tarar babu kowa. Ba ta faɗi wa zai zo ba. Don haka daga ni sai Nafisat, da Karima ɗaure a ƙirjinta ƙarƙashin zani da bargo. Ta nufi kujerar baya, na ce ta dawo gaba, nan ɗumin ya fi. Ta tsaya tana kallon ƙasa, domin tunda aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa zama kusa da ni ba. Kadijatu ta tura ta ciki ta rufe ƙofa. Ni kuma na matso da kujerar direba, ba yadda zan yi.

A bakin gari wani soja yana bin motoci ɗaya bayan ɗaya yana maimaita magana guda. "Babu tsayawa. Ko taya ta fashe, ka tafi a kan ƙarfe. Wanda ya tsaya, ya tsaya shi kaɗai." Ta gilashi na ji shi, ban sauke ba.

Na manta yadda dajin nan yake. Gari yana wayewa, manyan itatuwa suna fitowa daga duhu ɗaya bayan ɗaya, doka da maɗaci da ƙirya, tururi yana tashi daga kowane rafi. Zabi suka ratsa titi a jere ba su ko kula mu ba. Gonakin dawa suna tsaye ba a yanka ba, zangarniya ta sunkuya, tsuntsaye suna biki. Kyau kamar ranar da aka halicce shi. Na ji haushin kyan nan har cikin raina, kuma na kasa daina kallo.

Allura ta hau. Ta kai tsakiya, ta wuce. Ta ƙara hawa, saura kaɗan ta taɓa ja, ga daji dama da hagu, ga ɗayan tamostan a aljihuna ba shi da wani amfani. Duk addu'ar da na sani na karanta. Sai na ga ta tsaya, ta yi ɗan rawa, ta sauko a hankali ta zauna a tsakiya. Ya buɗe. Can cikin duhun inji, babu mai ganinsa, ya buɗe. Daga nan ba ta sake wucewa ba. Ciki ɗumi kamar ɗakin mai jego, Nafisat har ta sassauta bargo.

Mun ɗan wuce mararrabar da ake shiga wajen Damari, sai ga mutum uku sun fito daga cikin ciyawa suna nufo titi. Ba takalmi. Ɗaya ya yafa buhu a kafaɗa. Na tsakiyan dogo ne, ya rame, gashi ya rufe masa fuska, amma yadda yake jefa ƙafar hagu, ni na san wannan tafiyar tun ranar da aka fara ta a tsakar gidana. Ko kuma idona ne yake so ya sani.

Ban san lokacin da ƙafata ta bar totur ba. Motar baya ta danna hon. Hannuna ya kai kan abin sauke gilashi.

"Baba, kar ka buɗe."

Ban taɓa jin muryarta sosai ba sai yau.

"Baba, taka mota. Don Allah taka."

Kanta yana sunkuye cikin zani, hannayenta biyu sun rufe bayan yarinyar. Na taka. A madubi na ga kamar motar sojoji ta ƙarshe ta rage gudu, sai kwana ta raba mu.

A asibiti wata nas ta kwance Karima daga ƙirjin uwarta, ta ɗora bayan hannunta a cikinta, ta dube mu. "Daga Birnin Gwari? Da sanyin nan? Ai jikinta da ɗumi." Suka ruga da ita. Yanzu tana cikin kwalba, da ɗan tiyo a hanci, ta buɗe hannayenta duka biyu tana barci. Likita ya ce an kawo ta a kan lokaci, saura a jira.

Laraba, da hantsi

Na yi ta kiran gida, waya ba ta shiga garinmu. Na kira Muttaka, haka. Babu wanda ya zo daga can tun jiya.

Karima ta sha nono ta tiyo, ya zauna. Na tsaya a bayan gilashi ina kallon haƙarƙarinta yana hawa yana sauka har aka kore ni.

Na sami Nafisat a baranda, na miƙa mata shayi da burodi. Ta durƙusa ta karɓa, ba ta sha ba. Na juya zan tafi sai ta ce, "Baba."

Na tsaya.

"Shi ne?"

Na ce, "Ban sani ba, 'yata. Ke ba ki gani ba?"

Ta ce, "Na ga mutane sun fito, sai na sa kaina ƙasa. Da na duba, da na ce ka tsaya."

Rakiyar komawa gobe ce da asuba. Na je inda na ajiye motar, na sauke gilasanta duka tun yanzu, don gobe a mararrabar Damari ba na son gilashi tsakanina da hanya.